Baƙin Mai Har Ƙofar Auta

Da aka yaye tamfol ɗin, kowa sai da ya ja da baya. Ba injin da aka ajiye ba ne. Wani mataccen ƙarfe ne kwance a wurin, ya sha baƙin mai, gefensa a tsage, irin wanda ko mai sayen gwangwan sai ya yi yanga kafin ya taya.

Ga mutanen unguwa cike da harabar kwastan, sun yi sammako da murnarsu za su karɓi kayansu. Motar unguwa ce ta daɗe a kwance, wadda ake kai mai naƙuda da marar lafiya asibiti da ita, injinta ya buga. Aka haɗa hannu, aka tura direbanta ya tsallaka iyaka ya sayo wani. Ba-Birki ake ce wa direban, kuma ba don tuƙi ba, don baki. Ya iso da inji ana shirin tashi hutu, aka ce ya biya kuɗin fito, ya ce kayan taimako ne, ya tsaya zai koya wa ma'aikata aikinsu. Su kuma suka ce madalla, inji ya zauna a rumfa sai an dawo aiki a duba maganarsa. To an dawo. Ga abin da aka tarar.

Ofisa, shugabar wurin, mace ce da ba ta ɗaukar raini. Ta zagaya ƙarfen ta ce, "Wannan ba shi na duba ba. An canza shi."

"An canza, ko dai ya canza?" in ji Ciyaman, shugaban kwamitin motar. Ya nuna ƙasa da bakin takalminsa. "Jama'a, ku duba nan."

Ɗigon baƙin mai ne. Ya tashi daga rumfar, ya bi ta wata ɓaraka a shingen waya na baya, ya miƙe cikin lungu. Aka bi shi kamar an saki tumaki, Ciyaman a gaba, har ya tsaya cak a ƙofar gidan Ba-Birki.

Daga nan ba wanda ya ƙara sauraron wani. Wata tsohuwa da jikarta ta haihu a kan hanya cikin amalanke ta tofa yawu a ƙofar. Wani ya yi jifa. Ba-Birki na rantsuwa, ana ce masa dama mai yawan magana ba ya rasa ƙarya. Da ƙyar ma'aikata suka fizge shi suka kai ofis suka zaunar a benci. Ofisa ta karɓe katinsa na tsallaka iyaka ta sa a aljihu, ta ce in la'asar ta yi inji bai fito ba, za ta soke katin ta miƙa shi ga 'yan sanda. Direba a bakin iyaka in ba kati, an yanke masa ƙafa ke nan. Ga kuma sunan ɓarawo, wanda ba ya tsayawa kan mutum ɗaya, har 'ya'ya yake bi.

* * *

Auta, matar Ba-Birki, ba ta tsaya kuka ba. Ta goya ƙaramin, ta ja mayafi, sai gidan ubanta.

Baba Mai Sawu kowa ya san shi. In saniya ta ɓata shi ake kira, in 'yan fasa-ƙwauri sun buɗe sabuwar hanya a daji shi kwastan suke ɗauka. Ta same shi a ƙofar ɗaki yana ɗinke takalminsa, ko kai bai ɗaga ba. Labari ya riga ta isowa.

"Baba, ka ji abin da ake ciki."

"Na ji. Me na ce wa mijinki ranar da zai tafi? Na ce ka biya abin da aka ce ka biya, ka ɗauko kayan mutane ka taho. Ya ce min shi ya san doka. To ga doka nan, ita ma ta san shi."

"Bai ɗauka ba, Baba."

"Kina ɗaure da ƙafarsa ne?"

"Ni nake share ƙofar nan da hannuna. Jiya da magariba babu mai a wurin."

Ya ajiye basilla. "Ke Auta, buɗe kunnenki. Ni ban taɓa bin sawu don dangi ba, kin kuma san dalili. Ƙasa ba ta san suruki ba. In na duƙa na bi ya kai ni ɗakinki, da bakina zan faɗa a gaban jama'a. Ba zan ci amanar idon da Allah ya ba ni don in rufa wa wani mai surutu asiri ba. Kin yarda?"

Ta gyara goyo. "In shi ne, ni zan riƙe maka shi."

Ya yi tsaki, ya zura takalmin da bai gama ɗinkewa ba, ya yi bismillah ya ɗauki sandarsa.

* * *

Ya tarar an tattake ƙofar gidan kamar kasuwar dabbobi. Ransa ya ƙara ɓaci.

"Duk mai ƙafa ya koma jikin bango," ya ce. "Kun zo neman ɓarawo ne ko kun zo taya shi shara?"

Ciyaman ya matso yana murmushi. "Baba, ai ba sai ka wahalar da kanka ba, abu a fili yake. Mun san surukinka ne, muna jin nauyinka, amma fa hakkin jama'a..."

"Je ka ji nauyin bango. Matsa."

Ya duƙa. Inda ƙafa ba ta taka ba ɗigon na nan raɗau. Ya bi shi da baya, daga ƙofa zuwa shinge, kuma tun kafin ya yi nisa abin ya fara yi masa wari. Ɗigo ne daidai wa daida kamar an auna. Wanda ya taɓa ganin an ɗauki inji ya san ba haka ake yi ba. Ƙarti ne suke kinkima suna nishi, su ajiye su huta, inda aka ajiye mai ya taru, ƙasa ta lotsa. Nan kuwa ba taruwa, ba lotsawa.

Ya sa aka buɗe bonet ɗin motar unguwa da ke fake a gefen gidan. Mataccen injinta na nan a cikinta, har gizo-gizo ya yi saƙa. Ashe wanda ke kwance a rumfar kwastan gawar wata motar ce daban.

"Mataccen inji ai ko'ina akwai," in ji Ciyaman daga jikin bango. "Direba ne, ya san duk garejin garin nan."

Kusa da shinge Baba ya ga sawun baro ya nutse sosai. Zuciyarsa ta ce ga shi nan. Ya bi shi lungu-lungu cikin rana, jama'a na biye da shi, har sawun ya kai shi bakin famfo. Ga mai ruwa yana jera jarkoki, ya ɗago ya ga rabin unguwa a kansa, ya ce, "Lafiya? Layi ne fa." Wani ya yi dariya a baya. Baba bai juya ba, amma kunnensa ya yi zafi. Rana ta yi sama, ya zubar da lokaci a banza.

Ya dawo ɓarakar shingen ya tsuguna. Ɓarakar nan akuya ma sai ta rage ciki. Ya gwada ta da sandarsa, ya je ya gwada mataccen injin. Ko rabinsa ba ta kai ba.

* * *

Ofisa ta nuna masa kujera, ya ƙi zama. Sun saba aiki tare, ba sa ɓata wa juna lokaci.

"Ranki ya daɗe, injin da kika duba yana ɗiga?"

"Da me zai ɗiga? Inji na hannu ba ya tsallako mana sai an tsiyaye mansa tas an wanke shi. Doka ce. Ni da kaina na zura yatsa, a bushe yake. Na kuma shafa masa fentinmu na kayan da aka tsare."

"To don me kika bari aka bi mai har ƙofar mutum?"

"Na ɗauka na mataccen ne, lokacin da ake shigo da shi." Ta dube shi. "Ba haka ba ne?"

"Ta ɓarakar nan ba injin da ya shiga, ba wanda ya fita. Mutum ɗaya ne da gwangwani a hannu, yana tafe yana ɗigawa kamar mai ba shuka ruwa."

"Na ji. Amma bai wanke shi ba, Baba. Inji dai ya ɓata a hannuna, kuma surukinka ne ya tsaya a nan inda kake tsaye ya rantse cewa da fito ko ba fito sai ya fitar da shi."

Baba ya rufe ido. "Haka ya ce?"

"Da ƙarfi. Har na bakin titi sun ji."

"Baki shi ke yanka wuya."

"Ni abin da ya ba ni haushi," ta ce, "da ya saurare ni da ba a kai nan ba. Abin da ke kwance a bayan mota kaya ne, sai an biya fito. Abin da ke ɗaure a jikinta kuwa mota ne, gyara ne, ba ma taɓawa. Da motar unguwar ya ja can aka ɗaura mata, da ba wanda ya ce masa uffan. Ina faɗa masa yana magana, ina faɗa masa yana magana."

"Haka yake yi mana a gida," in ji Baba, ya fita.

Maigadi na bakin ƙofa a kan kujerarsa, dattijo ne mai tsoron Allah, sahun farko ba ya wuce shi.

"Tun da aka tashi hutu, wane kaya ya fita ta ƙofar nan?"

"Kaya? Ko allura. Ka kawo duk abin da ake rantsuwa da shi in dafa. Abin da zai fita sai na leƙa but, na leƙa ƙarƙashin kujera, har tayar ajiya nake ɗagawa."

Baba ya dubi idonsa ya san gaskiya yake faɗa, kuma wannan ne ya fi ba shi haushi. Bai fita ta shinge ba, bai fita ta ƙofa ba, inji kuma ba tsuntsu ba ne. Ana cikin haka aka kira azahar. Ya yi alwala da ɓacin rai, ya yi salla, ya roƙi Allah ya nuna masa gaskiya ko da ba za ta yi masa daɗi ba.

* * *

Bayan rumfar akwai wata babbar bishiya, ƙasar wurin da laushi, jama'a kuma ba su zagaya can sun tattake ba. Ya ga sawun taya. Ya ga sawun mutane. A cikinsu akwai wanda ya sa ya tsaya cak.

Ƙafar hagu ce mai karkata waje. Ya san ta tun tana zuwa zance ƙofar gidansa, ya sha ganinta da safe a jikin katangarsa yana tsaki. Ga ta nan, 'yan taku kaɗan daga inda aka ajiye inji.

Ya miƙe a hankali. Auta na tsaye can nesa da goyo, idonta a kansa. Ta karanta fuskarsa, ta dafa bango. Ya wuce ofis.

Ba-Birki na kan benci, leɓe a kumbure. Ya zabura zai gaishe shi.

"Riƙe gaisuwarka. Me ya kai ƙafarka bayan rumfa?"

"Ni, Baba? Wallahi ban..."

"Kar ka rantse min. Sawunka na can, ya nutse, dunduniya ba ta taɓa ƙasa, kan yatsu kake tafiya kamar mai fama da nauyi. Ka faɗa min gaskiya tun ni ne a gabanka, kafin in faɗa wa jama'a."

Ba-Birki ya buɗe baki, ya rufe. Wannan ne karo na farko da Baba ya ga ya yi tunani kafin magana.

"Au. Turi ne, Baba. Ranar da na iso, motar hayar Ciyaman ta mutu a tsallake, aka turo ta har bakin shingen hanya. Ma'aikata suka ce kar ta tare titi, a shigar da ita haraba ta kwana. Na ga dattijo yana gumi, na sa hannu. Shi ya ce a kai ta bayan rumfa, wai ta fi samun inuwa."

"Wace irin mota ce?"

"Irin ta unguwa ce sak. Ai shi ya sa shi ne ma ya kwatanta min irin injin da zan nema."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Kana cikin rigima da kwastan, kayan mutane a tsare, kai kana can kana turin mota."

"To Baba, mutum ya nemi taimako, kuma babba ne, ni kuma ka san ba na iya..."

"Yi min shiru."

* * *

Ya koma gindin bishiyar, wannan karon ya durƙusa har gwiwa. Yanzu da ya san abin da yake nema, ƙasa ta buɗe baki.

Sawun taya biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasa ya shigo a hankali yana karkace-karkace, a bayansa yatsun mutane sun tone ƙasa, irin na masu turi. Na sama ya fita a miƙe, ya watsa yashi baya, kuma ba ƙafar ɗan'adam ko ɗaya a bayansa. A jikin bangon rumfa, daidai tsayin salansa, ga tabon baƙin hayaƙi sabo. Ya ɗaga kai. Babban reshen da ke sama ɓawonsa ya sale, farin itace a waje, irin cin da sarƙa take yi in ta ɗauki nauyi.

Ya koma wurin Maigadi.

"Ɗazu na tambaye ka kaya. Yanzu mota nake tambaya."

"Mota kam ta Ciyaman ta fita da sassafe, kafin jama'a su taru. Wayam take, ni na duba ta. Cikin hutu aka gyara ta, Ofisa ce ta ba da izini Sifana bakanike ya shigo."

"Ka buɗe bonet?"

Maigadi ya dube shi da mamaki. "Bonet kuma? Ai nan ba a sa kaya."

Baba ya so ya zage shi, amma ya tuna shi ma da bakinsa kaya ya tambaya. Ya haɗiye zagin, ya je ya yi magana da Ofisa a hankali. Fuskarta ta canza. Ta kira ma'aikata biyu ta tura su tasha, ta ce a tara mata mutane a bayan rumfa.

* * *

Aka taru a gindin bishiya, inuwa ta fara karkata. Ofisa na tsaye, Ba-Birki a gefenta tsakanin ma'aikata. Ga Maigadi, ga Ciyaman, ga Sifana bakanike da aka kirawo daga gareji, idonsa ja kamar wanda bai runtsa ba. Jama'a kuwa Baba ya ja musu layi da sanda ya ce duk wanda ya ƙetare sai ya rotsa masa ƙafa.

"Na yi wa 'yata alkawari zan faɗi abin da na gani," ya ce. "To na ga sawun surukina a nan. Ga shi."

Aka fara guna-guni. Ciyaman ya ce, "Allahu akbar. Ka ga dattijon kirki."

"Ban gama ba. Turi yake yi. Motarka yake turawa, Ciyaman. Haka ne?"

"E to, ya taimaka. Taimako ai bai hana sata ba."

"Gaskiyarka, bai hana ba. Mota ta shigo da turi. Sifana, me ya same ta?"

Sifana ya shafa ƙeya. "Fulogi ne, Baba. Da ɗan batir."

"Fulogi."

"E."

"Ɗaga kanka."

Sifana bai ɗaga ba. Sauran jama'a ne suka ɗaga, suka ga reshen.

"Ni ba bakanike ba ne," in ji Baba, "amma tun da nake ban taɓa ganin fulogin da ake ɗagawa da sarƙa ba. Mota ta shigo da ƙafar mutane, ta fita da ƙafarta. Maigadi ya leƙa but, ya leƙa kujera, bai ga kaya ba, don kayan shi ne yake jan motar. Gawar da ke rumfa kuwa, ku tambayi mai ita."

"Wannan cin mutunci ne," in ji Ciyaman. Muryarsa ta hau sama. "Ni da na tsaya kan motar nan tun ranar farko? Tsoho ya zo zai wanke surukinsa da rigata, ku kuma kun zuba ido? Ni za a ce wa ɓarawo?"

"Wa ya ce maka ɓarawo? Ni ban kai nan ba tukun. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as."

Sifana ya durƙushe. "Ranki ya daɗe, ce min ya yi nasa ne, wai an riga an biya fito. Da na ga fentin na yi magana, ya ce in yi aikina. Man kuwa wallahi ba ni na zuba ba. Gwangwani kawai ya ce in cika masa."

Ƙarar mota ta katse shi. Ma'aikatan nan ne suka dawo daga tasha, sun sauke fasinja sun taho da motar Ciyaman, tana tafe lafiya lau kamar sabuwa. Ta tsaya a bakin ƙofar haraba. Ofisa ta taka da kanta ta buɗe bonet. An goge, an kankare, amma a can ƙasa inda tsumma bai kai ba, fentin kwastan na nan.

Ciyaman ya cire hula ya share gumi, ya mayar. Muryar ta sauko.

"Jama'a, ku tsaya ku ji. Aro na yi. Motata ce abincin iyalina, ta mutu, ga inji a ajiye ba ya aikin komai. Na ce in ɗan yi lodi da shi, in na samu in sayo wani in mayar. Aro ne, ba sata ba."

"Aro," in ji Baba. "To inji ka ara. Sunan yaron nan fa, shi ma aronsa ka yi? Ƙofar 'yata da ka je ka zuba wa mai, ka jawo mata unguwa, jikokina na ciki ana jifa, wannan yaushe za ka mayar? Da hannunsa ya tura maka mota har inda za ka yanka shi. Kai ko kunyar Allah ba ka ji ba."

Wasu dattawa biyu suka matso suna gyaran murya. Suka ce abin gida ne, a rufa asiri, Ciyaman mutum ne mai iyali, shaiɗan ne. Baba ai shi ne babba, ya sa surukinsa ya yafe a kashe maganar a nan, ba sai an kai ga hukuma ba.

Kafin Baba ya buɗe baki Auta ta ƙetare layin da ya ja.

"Da safe mijina ba shi da iyali ne?" ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Kuna tsaye aka tofa min yawu a ƙofa. Ban ji wanda ya ce abin gida ne ba. Ban ji wanda ya tuna da shaiɗan ba."

Dattawan suka dubi Baba ko zai tsawata mata. Ya ce, "Kun ji ta."

Ofisa ta ce ko sun yafe ita ba ta yafe ba, a harabarta aka yi, da izininta aka fake, ita ma tana da amsar da za ta bayar a sama. Ta sa aka wuce da Ciyaman da Sifana ofis. Inji kuma shaida ne, zai zauna sai an gama shari'a, sannan unguwa ta biya fito ta ɗauki abinta. Jama'a suka yi ta salati, don motar asibiti dai ta ƙara kwanciya ke nan. Ta zaro katin daga aljihu ta miƙa wa Ba-Birki.

"Ranki ya daɗe, ni dama tun farko abin da nake cewa..."

"Karɓi," in ji Baba.

Ya karɓa.

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya shiga motar zai tayar ya shigo da ita. Ofisa ta zare makullin daga hannunsa.

"Injin da ba a biya wa fito ba ba zai ƙara juyawa a gabana ba. A turo ta."

Ta dubi jama'a. Baba ma ya dube su, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka bi mai da safe, har da wanda ya yi jifa yana ɓoye bayan wani. Ba wanda ya ce musu komai. Suka fara naɗe hannun riga suna sunkuyar da kai, suka jeru a bayan motar. Ƙofar harabar da ɗan tudu, mota ta yi gaba ta dawo, suka yi nishi ta sake dawowa.

Ba-Birki ya kasa jurewa. Ya sa katin a aljihu ya nufi wurin yana cewa ai ba haka ake turi ba, a karya kan motar tukun. Auta ta damƙo bayan rigarsa.

"Ina za ka?"

"Kin ga fa ba su iya ba."

"Kai ka yi naka turin," ta ce. "Wuce mu tafi gida."